Masta Bai Ce Ya Shirya Ba

Da na ɗaga hannu na ce wa Mutala ya danna kyamarar a ranar nan, gata na yi wa mijina ko amanarsa na ci? Na tambayi kaina a kan darduma, na tambayi kaina a bakin murhu, har na fita takaba ban samu amsa ba. Ku da sana'ar take hannunku yanzu, wataƙila wani a cikinku ya sani.

Sunana Adiza, amma a Nima da Maamobi, unguwanninmu na Accra, da Mma Adiza mai hoto aka san ni. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa danna kyamara ba. Memuna 'yar ƙanwata ce take rubutawa, ni ina faɗa. Mutala ne ya matsa mini in ba da labarin, don a karanta wa matasan da ke ɗaukar hoton biki da suna a Zongo ranar taronsu. Shi Mutala a shagonmu ya koyi aiki, yanzu furfura ta fara fito masa, yana da nasa masu koyo. Idan kun ga magana ta tsinke, kuka ne ya katse ni. Ba na ɓoye shi, na wuce shekarun jin kunyar hawaye.

Akwai ranar da ba za ta bar kaina ba sai an sa ni a rami, ranar da mutane suka cika gidanmu suna yi mini gaisuwar rasuwar mijina Alhaji Isaka, shi kuwa yana tsakar gida yana shan koko. Amma ba za ku gane ranar ba sai kun san shagon.

Shagon ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, kusa da babbar kwatar nan da muke kira gota. A sana'ar akwai Masta, shi ne mai kyamara, maganarsa ce ta ƙarshe. A ƙarƙashinsa akwai masu koyo, su ke jan fitila, su wanke hoto a ɗakin duhu, su share ƙasa. Ni ba ni da muƙami a tsarin, sai Alhaji ya laƙaba mini Manaja don tsokana, sunan kuwa ya zauna. A shago bai taɓa kirana da wani suna ba. Adiza sai mun rufe ƙofar ɗakinmu.

Ɗakin farko nawa ne. Duk wanda ya zo ɗaukar hoto, ba zai ga kyamara ba sai ya bi ta hannuna. Ina da akwatin ƙarfe cike da manyan riguna da mayafai da sarƙoƙi da tabarau, da agogon hannu da ya daina tafiya tun kafin a haifi Memuna, da wayar tebur wadda ba ta da igiya. In goge wa mutum fuska, in shafa masa hoda, in ɗaura wa mace ɗankwali, in daidaita wa namiji hula. Hula ita ce mai wuya. Ta yi baya, mutum ya koma ɗan tasha. Ta yi gaba, ya zama kamar wanda 'yan sanda ke nema. Tana da mazauninta, yatsa ya san wurin, baki ba ya iya faɗa.

A ɗaki na biyu akwai labulayen da wani mai zane daga Kumasi ya yi mana. Ɗaya filin jirgi ne, jirgin ya buɗe ƙofa. Ɗaya falo ne da talabijin da firij a buɗe, cike da lemo da kaza da ƙwai. Masu zuwa kuwa masu gadin gidajen unguwar Kanda ne, da Zabarmawa masu tallan atamfa, da masu sauke doya a kasuwar Old Fadama, da 'yan matan da ke dakon kaya a ka. Mutum yana kwana a ƙofar kantin wani, ranar Lahadi ya yi wanka ya zo, in sa masa babbar riga, ya dafa firij, a aika wa uwarsa a arewa. Kuna tsammani uwar ba ta san firijin fenti ba ne? Ta sani sarai. Kumatun ɗanta take dubawa, da yadda ya tsaya. Hoton yana ce mata, ina raye, ina wanka, ban zubar da kaina ba.

Dokar shagon guda ce. Idan an tsayar da mutum, Masta zai sa ido a kyamara ya ce, "Ka shirya?" Ba zai danna ba sai mutumin ya amsa da bakinsa. Gyaɗa kai ba amsa ba ce a wurinsa. Mutala yana raye, ku tambaye shi. Yana sabon zuwa ya ɗauki wata mata tana gyara zane, wai don hasken ya yi kyau. Alhaji ya buɗe kyamarar a tsakiyar rana, ya zare filim ɗin gaba ɗaya, aikin yini guda ya ƙone. Ya ce, "Fuskar ta wa ce? Taka ce?" Mutala bai sake ba.

Abin dariya, mutumin da ya ɗauki rabin Nima ba shi da hoton kansa. Kullum sai ya ce, "Wata rana, Manaja, idan na shirya." Ɗan ƙaramin da ke cikin fasfonsa na Hajji ma, shekarar da gota ta cika ta shiga gidaje, ruwa ya tafi da shi.

Zamani ya juya, kowa ya samu kyamara a aljihunsa, shago ya yi sanyi. Hawan jini ya kama Alhaji ya rame, ni kuma gwiwoyina suka ƙi. 'Ya'yanmu sun yi nisa, mai Kumasi, mai Tamale. Gidanmu ba shi da magudana, ruwan wanka da na wanke-wanke a bokiti ake tarawa a kai gota, kuma kowa ya san aikin mata ne. Da na kasa, Alhaji bai ce komai ba. Idan ya dawo sallar asuba sai ya cire riga da hula don kada ruwan ya fallatsar musu, ya ɗaura tsohon zanena a kan singileti, ya ɗauki bokitin ya fita kafin titi ya cika. In na ce a kira wata a biya ta, sai ya ce, "Manaja, ke dai kwanta. Wa zai gan ni?"

Bayan ƙaramar Sallah ta bara wasu masu ɗaukar hoto suka shigo shagon. Wata Madam Esi ce shugabarsu, mai tabarau a saman goshi kamar idanunta can suke. Tare da ita akwai Rashid, ɗan unguwar Kotobabi da ke maƙwabtaka da mu, wanda ni na ɗaura wa uwarsa ɗankwali ranar hoton aurenta. Ya yi karatu mai zurfi, ya dawo da gashi a murɗe da kyamara mai dogon hanci, Hausar ma sai ya tsaya ya lalubo ta.

Suka riƙa shafa labulayen suna dariya. Rashid ya ce, "Ei, Mma, wannan ai gidan tarihi ne!" Na ce a raina, tarihi kuwa, ga mu zaune da ranmu. Madam ta tsaya gaban firijin ta ce wannan shi ne mafarkin talaka, har ta dafa ƙirji. Sannan suka faɗi abin da ya kawo su. Za su liƙa manyan hotuna a bangayen bakin titi, don masu wucewa a mota su ga ainihin mutanen Nima, kuma suna son Alhaji a ciki.

Na daɗe ban ga mijina ya yi murna irin ta ranar ba. Ya ce, "Ku zo Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Manaja za ta shirya ni." Rashid ya ce, "Babu damuwa, Baba." Aka kai shuɗiyar shaddarsa wurin masu bugu, ya sayi sabuwar hula. Juma'a ta zo, ya zauna da kayansa har magariba, babu kowa. Wata Juma'ar ma haka. Da ya haɗu da Rashid a hanya, yaron ya ce, "Baba, ai an gama. Za ka sha mamaki."

Mun sha kuwa.

Da safe ina zaune ina tsince wake, sai ga Anti Dede, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, wato tuwon masararsu, da kifi a bakin titi, ta faɗo gidan hannu biyu a ka. "Ei, Mma Adiza! Ei, Alaji! Jiya-jiya na gan shi!" Ta rungume ni tana rusa kuka, ni ban san dalili ba. Ashe hotonsa ta gani a bango.

Ga wanda bai san Accra ba, a garin nan idan ka ga fuskar tsoho babba a bango da rubutu a ƙasa, magana ɗaya ce, ya mutu. Mu Musulmi muna binne namu a ranar, ba mu cika yin fosta ba, amma idanunmu sun saba da na maƙwabta. Ɗan Kotobabi ya kamata ya san wannan, sai dai karatu ya wanke masa.

Alhaji yana bayan shanya da kofinsa. Ya ɗaga zanen da aka shanya ya leƙo. "Dede, wa ya mutu?"

Ta yi ƙara ta ce, "Yesu!" ta zauna a cikin kwanon wakena. "Kai ne, Alaji! Kai ne ka mutu!"

"To, ba a sanar da ni ba."

Kafin ta tashi gida ya fara cika. Mata da tabarmi, ladan da carbinsa, tsofaffin masu gadi da suka yi hoto a wurinmu tun suna samari. Wasu matasa har sun je masallaci aro makara. Wani mai saurin baki ya bugo wa 'yarmu a Kumasi, ta shiga mota tana kuka. Duk wanda ya shigo da salati sai ya yi turus. Alhaji yana ta dariya yana cewa, "Tun da kun zo, ku zauna a sha koko. Ba kowa ke ganin masu zuwa gaisuwarsa ba. Ladan, kai ka makara, na lura." Aka yi ta dariya, har ni.

Sai ya juya ga ladan ya ce, "To, wace riga na sa a hoton?"

Ladan ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Nan dariyar ta mutu.

Ya shiga ɗaki ya sa shuɗiyar shaddar da sabuwar hular, ni na ɗauki sandata, muka fita. Bangon gidan bene ne a bakin babban titi, hoton ya cinye shi daga ƙasa har sama, baƙi da fari. Ga mijina da singileti mai huji a kafaɗa, ƙasusuwan wuyansa a waje, kai babu hula, baki a ɗan buɗe saboda nauyi. Ga zanena mai zanen tsuntsaye, wanda babu macen layinmu da ba ta san shi ba. Ga bokiti. A bayansa gota da ledoji da duk ƙazantarta. Daga nesa Rashid ya laɓe ya ɗauka da dogon hancin nan. Aka karanta mini rubutun da ke ƙasa, wai, waɗanda birni ya manta da su. Mutumin da aikin hannunsa ke rataye a ɗakuna daga Bawku har Dosso, shi ne aka manta.

Alhaji ya daɗe yana kallo, kai a ɗage, hannu a baya. Ya ce, "Hasken ya yi kyau. Yaron yana da hannu." Sannan a hankali ya ce, "Amma bai tambaye ni ba."

Kafin la'asar yaran motocin haya da muke kira torotoro sun raɗa wa wurin suna. Sai ka ji suna buga jikin mota, "Bokiti! Akwai mai sauka a Bokiti?" Har yau sunan tashar ke nan. Abokansa na majalisa suka fara, "Alhaji, zanen uwargida ya karɓe ka." Ba da mugunta suke yi ba, amma ya daina zuwa majalisar. Daga nan ya daina buɗe shago. Daga nan mutumin da ban taɓa ganin ya bar jam'i ba ya koma salla a ɗaki, don hanyar masallaci ta ƙarƙashin bangon take bi.

Ranar da za su yi bikin buɗe aikin nasu, na ɗauki sanda na tafi. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo makaɗa. Motar shara ta zo da sassafe ta kwashe gotar, daidai tsawon inda baƙi za su zauna, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Manyan mutane suka sauko daga motoci da hankici a hanci, suka juya wa mijina baya, suka ɗaga waya suna murmushi, shi da bokitinsa a saman kansu. Wani mai kwat ya yi dogon jawabi yana nuna bangon, aka yi tafi. Ban ji Turancin ba, amma na san tafin mutanen da abinci ke jiransu.

Na sami Madam Esi a gefe, Rashid na tsaye zai yi tafinta. Na ce masa ya huta, na iya yarenta Twi tun uwarsa ba ta yaye shi ba.

Na ce, "Madam, na zo ku sauke mijina."

Ta kama hannuna da hannu biyu. "Mma, wannan hoton ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hujja ce. Tsoho marar lafiya yana ɗaukar ruwan datti saboda birni ya ƙi yi muku magudana. Duk wanda ya wuce sai ya ji kunya."

"Wanda ya ji kunya yana gida, ya kasa zuwa masallaci. Waɗannan da nake gani hoton kansu suke ɗauka."

"Da gwamnati hoton yake magana, Mma."

"To me ya hana ku ɗauko gwamnatin da singileti?"

Ba ta yi dariya ba. Ta saki hannuna, ta sauko da tabarau daga goshi. Ta ce da sun jira ya sa shadda, da hoton ya zama wani labulen ne irin namu. Ta ce, "Shekara nawa kuka yi kuna tsayar da masu jin yunwa a gaban firijin fenti? Wa ya gyara gota saboda hotunanku?"

Babu wanda ya gyara gota saboda mu. Gotar nan ita ta shiga ɗakina ta tafi da kayana, ta taɓa tafiya da ɗan mutane ma. Matar ba ƙarya ta yi a kan gota ba. Sai da na kwanta amsar ta zo mini, lokacin da ba ta da amfani. Mai gadin da ya dafa firijinmu shi ya zaɓi labulen, shi ya ce ya shirya, shi ya sa hoton a ambulan. Mijina kuwa an mai da shi sanda ne aka daki wani da shi, kuma wanda aka daka ko juyowa bai yi ba.

A wurin dai Madam ta ce mai gidan ya ba su bango, hukuma ta ba su izini, titi kuwa na kowa ne. Hoton zai zauna har a gama nunin. Amma don girmamawa za su iya rubuta sunansa a ƙasa. Sunansa kuma! Abin da ya rage masa ke nan ba su liƙa ba.

Rashid ya biyo ni. "Mma, wallahi don girma na yi. Wannan hoton har Turai zai je."

Na ce, "Da zanen nawa?"

Da na koma gida na zazzage wa Alhaji komai, na rantse sai na kankare bangon da wuƙa ko da za a ɗaure ni. Ya ce, "Manaja, bar wuƙa. Hoto suka yi, hoto za mu yi. Kira mini Mutala."

Ya tsara abinsa kamar yadda ya saba. Mutala zai ɗauke shi ranar Juma'a, a buga shi babba. Anti Dede ta ce a liƙa a jikin rumfarta, wadda ke kallon bangon daga tsallaken titi, ta ce duk wanda ya sake zuwa gaisuwa ita za ta kore shi da muciya. Mutala ya tambaya, "Masta, wane labule, jirgi ko falo?" Ya ce, "Ko ɗaya. A ƙofar shago za ka ɗauke ni. Gotar ma in tana so ta fito, ta fito, ai maƙwabciyata ce. Ba ita ta dame ni ba."

Ranar Juma'ar ya fita masallaci, karo na farko tun da ya koma salla a ɗaki, ya bi ta ƙarƙashin bangon bai ɗaga kai ba. Da ya dawo na buɗe ɗakin farko na share ƙura. Na goge masa fuska, na shafa masa hoda kaɗan a goshi, na jera masa ninkin rigar a kafaɗa. Hannuna ya taɓa fuskokin da ba su ƙirguwa a ɗakin nan, amma ban taɓa shirya shi ba sai ranar. Yana ta tsokanata, wai Manaja ta tsufa. Aka fito da kujera ƙofar shago ya zauna. Mutane suka taru a gefe. Mutala ya kafa kyamara, ya sa ido.

"Masta, ka shirya?"

Ya amsa. Abin da ya faɗa sai a ƙarshe zan gaya muku, don in na faɗa yanzu Memuna za ta ajiye biro. Na je na yi abin da ya ce, na ja da baya.

Ban taɓa ganinsa da kyau irin na lokacin ba. Ya miƙe a zaune, shaddar na ƙyalli, ido a kan kyamara, rana ta sauka a gefen fuskarsa daidai yadda yake so. Mutala ya sake cewa, "Masta, ka shirya?" Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Yatsan Mutala yana kan maɓallin, ya ɗago ido ya dube ni. Na gane tambayar da yake mini. Ɗaga hannu kawai zan yi. Ban ɗaga ba, shi kuma bai danna ba, don Masta bai amsa ba. Sai kan Alhaji ya karkata, hannunsa ya zame daga gwiwa.

An kai shi asibiti, aka ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Bai sake magana ba. Bayan 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya haskaka kabarinsa.

Memuna, ba ni ruwa.

Da aka fara sanarwa wasu ba su yarda ba. Anti Dede ta ce kada a sake ruɗa ta, sai da ta ga makara. Baƙin da suka zo daga nesa kuwa, kwatancen da aka riƙa yi musu shi ne su sauka a Bokiti. A ƙarshe dai hoton ya yi aikin da garin ya ɗauka yana yi tun farko.

Madam Esi ta zo gaisuwa da baƙaƙen kaya. Ta ce yanzu hoton ya ƙara nauyi, suna tunanin barinsa har abada don tunawa da shi. Ina takaba, ba a so in ɗaga murya, na ce wa Memuna ta raka ta ƙofa. Rashid ya zo shi kaɗai daga baya, ya durƙusa yana kuka, ya ce in na ce a cire zai hau da kansa. Na ce ya tashi, tambayar da zai yi ya makara da ita. Har abada ɗin nasu ma bai kai damina ɗaya ba, sun koma wata unguwa neman wasu da aka manta.

Da na fita takaba na ɗauki wuƙar, Memuna ta riƙe ni muka je. Ruwan sama ya riga ni. Takardar ta kumbura ta yage, fuskar ta tafi. Daga ƙasa masu neman ƙuri'a da masu maganin basir sun liƙe ƙafafunsa da nasu fostocin. Abin da ya rage a tsakiya hannunsa ne, riƙe da marikin bokiti, jijiyoyin sun tashi. Na tsaya ina kallo har Memuna ta gaji. Madam ta kalli hannun nan ta ga laifin birni. Yaran mota sun ga abin dariya. Babu ɗaya a cikinsu da ya san ruwan wa ke cikin bokitin. Ruwan wankana ne. A duk duniya wannan hannun shi ne kaɗai abin da ya rage mini na siffarsa, kuma ɓarawo ne ya ajiye mini shi. Na mai da wuƙar cikin jaka. Kada ku ɗauka na yafe, ban yafe ba. Kankarewa ce na kasa.

'Ya'yana, ga abin da sana'ar nan ta koya mini. Babu hoton da ba shaida yake bayarwa ba. Namu uwa muke kai wa, nasu gwamnati suka ce suna kai wa, naku na biki ku kuka san wa kuke nuna wa. Ban hana kowa yin gardamarsa da birni ba, gotar tana nan yadda take, ku ɗauke ta har kyamararku ta gaji. Amma in za ku kira mutum shaida, ku kira shi ta ƙofa, kada ku laɓe ku sato shi da asuba. Na ga masu karatu sun yi wa talaka kuka a bango ba su iya yi masa sallama ba. Na kuma ga abin da dokar shagonmu ta ci mini, ta bar ni ba ni da fuskar mijina. Ina gaya muku ne da sanin farashinta. Shi ya sa har yau ban san ko in gode wa Mutala ko in yi fushi da kaina ba.

Yanzu zan faɗa. Da Mutala ya tambaye shi karo na farko, bai kalli kyamara ba, ni ya nema a cikin mutane. A ƙofar shago ne, gaban masu koyon Mutala da Anti Dede da kowa, amma bai ce Manaja ba. Ya ɗan yi murmushi ya ce:

"Tukuna. Adiza, zo ki gyara mini hula."